Tagar Gwaggo Iyatu

Mota ta fi Gwaggo Iyatu gata a gidan Ɗanbala. Kowa a unguwarmu ya san haka, sai dai ba kowa ke son a faɗa ba. Ni zan faɗa. Sunana Hajo, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Jugu, kuma abin da zan ba ku labari ba jita-jita ba ne, a gaban idona aka yi shi.

Shekarun nan ne da Turawan Faransa suka tattara komatsansu suka bar mana Dahome. Abdulbaƙi, ɗan ƙanen Gwaggo, ya sayi wata Fijo mai kujera layi uku a hannun Baturen da zai koma gida, ya fara jigilar fasinja tsakanin Jugu da Paraku. Kakanninsa da jakuna suka yi fataucin goro, shi ga shi a bayan sitiyari, sai kai ya kumbura. Gwaggo ita ta raine shi tun uwarsa ta rasu yana jinjiri, kuma da yake sunan yanka na mahaifinta Ɗanbala gare shi, ba ta taɓa kama sunansa ba. Babana take ce masa.

Wata rana ya tashi ya ce raɓa tana cin fenti, rana tana fasa taya, motarsa ba ta sake kwana a waje. Ya kira magina suka kafa ɗaki a jikin bangon Gwaggo ta wajen titi, suka rufa masa kwano, suka sa ƙofar ƙarfe. Ɗakin Gwaggo taga ɗaya gare shi, ta nan take shan iska tana gaisawa da masu wucewa. Da aka gama gini tagar tana nan ba a taɓa ta ba, sai dai yanzu cikin gareji take buɗewa.

Ta leƙa, ta ga duhu da bayan mota. Ta ce, "Babana, to iska fa?"

Ya ce, "Haba Gwaggo, wa ya toshe miki taga? Ga ta nan. Duk lokacin da kika ga dama ki buɗe abinki."

Da baya yake shigar da motar, wai don fuskarta ta riƙa kallon titi, mai wucewa ya ga fitilu. Saboda haka bakin salansa yana daidai ƙarƙashin tagar. Gwaggo tana da ciwon fuka tun tana budurwa, yakan tashi in an shiga damina ya kwanta. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare shi, shi da kansa yana yaro yakan jiƙo mata saiwa.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Tayar da inji da safe ne, ta yi tarinta, ya fita, hayaƙi ya lafa. To amma akwai wani direban Paraku, Dalhatu, da wata safiya ya wuce Abdulbaƙi a kan hanya yana danna masa oda, fasinjojinsa suna ɗaga hannu suna dariya. Labari ya riga shi isa tasha. Daga ranar Abdulbaƙi ya daina cin abinci da daɗi, kai ka ce uwarsa aka zaga a kasuwa.

Sai ya je Turu, can bakin Paraku, ya ɗauko wani makanike mai suna Ladan, ya kawo shi gida ya sauke shi a zaure, a dafa masa a kai masa. Ladan ya buɗe gaban mota, ya leƙa, ya girgiza kai kamar boka ya ga mai farfaɗiya. Ina ƙofar gidanmu ina tsince shinkafa, duk ina jin su.

Ya ce, "Patron, motarka lafiyarta ƙalau. Numfashi ne ya yi mata kaɗan. Dubi kolektar ɗin nan, shi ne maƙogwaron da ke kai iska da isansi, wato fetur, cikin inji. Ɗan siriri ne kamar na ɗan tsako. A cire shi a sa mai faɗi, a ɗora kafireto biyu maimakon ɗaya, a kankare kulas, wato murfin kan inji, a yanke salansa ta daina riƙe hayaƙi. In Dalhatu ya sake ganin gabanka, ka canza mini suna."

Abdulbaƙi ya dafa motar yana shafa ta. Ya ce, "Ashe shaƙewa take yi, baiwar Allah. Shi ya sa nake jin tana nishi a hawa."

A daidai lokacin Gwaggo tana tari a bayan taga, tarin da ni da ke ƙetaren katanga nake ji. Su ba su ji ba.

Aka aika birnin Kwatano aka kawo ƙarafa. Aka fara aiki. Ashe kafireto biyu ba a ɗora su kawai a tafi, sai an daidaita su sun zama baki ɗaya. Daidaitawar kuwa sai an bar inji yana aiki, ana murɗa wannan ana saurare, ana murɗa wancan ana taka totur. Kuma don kada mutanen Dalhatu su leƙo su ga sirri, sai a ja ƙofar gareji a rufe. Su biyun in hayaƙi ya dame su sai su fito su sha iska su koma. Hayaƙin kuma ba shi da wata mafita sai tagar Gwaggo, don katakonta ya tsufa, ko an rufe akwai tsaga.

Kullum in ya dawo daga hanya bayan la'asar, haka ake yi har a kira magariba. Ranar da ba ya fita kuwa tun hantsi. Na taɓa leƙawa na tarar da Abdulbaƙi ya kafa sukuddireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Ya ce wa Ladan akwai wani ɗan shaƙi-shaƙi da yake ji can ciki. Mutumin da ke jin shaƙi-shaƙi a cikin ƙarfe ke nan.

Abu na farko da Gwaggo ta rasa shi ne goronta. Tana da kwanduna a ɗaki, sana'ar gado. Takan kwance, ta tsince mai tsutsa, ta yayyafa ruwa, ta sake naɗewa da ɗanyen ganye. Duk unguwa wurinta muke saye, don hannunta ya san goro. Sai goro ya fara ɗaukar wari. Ka ɓara ka sa a baki, ka ji kamar ka lashi tankin mota. Mata suka daina saye, da kunya da kunya. Daga baya suka daina zuwa hira ma, don ba mai iya zama a ɗakin ya gama gaisuwa bai share hawaye ba.

Ta yi masa magana a hankali, yadda take yi masa komai.

"Babana, goron nan duk ya ɗauki warin mai."

Ya ce, "To Gwaggo wa ya ce sai kin sayar da goro? Kin rasa ci ne ko sha a gidan nan? Ki huta mana. Ai tsufa ya zo."

Ta ce, "Ƙirjin nan ma yana damuna da hayaƙin."

Ya yi dariya. "Ke da kika girma a gindin murhu? Hayaƙin ɗanyen itace bai kashe ki ba sai na mota? Wannan ai alheri ne, sauro yake kora miki. Tun da aka fara aikin nan kin ji sauro ya cije ki?"

Ba ta ji ba kam. Ko ƙadangare ya daina shiga ɗakin.

Ta fara fitar da tabarma tsakar gida tana zama a gindin bishiyar bedi. Sai damina ta kankama, ruwa ya riƙa korar ta ciki. Rumfar girki ta Rabi'a ce, matar Abdulbaƙi, can ma hayaƙin itace ne. Zaure kuwa Ladan da kayansa sun cika shi, kuma tsohuwa ba ta zama cikin maza. Haka za ta koma ɗaki ta rufe taga, ta zauna bakin ƙofa ta ciki, ta sa hanci a waje feshin ruwa yana dukan ta.

Ta daina iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango. Ta daina salla a tsaye. In za ta yi magana sai ta yanka ta gida biyu, ta huta a tsakiya. Leɓenta ya yi baƙi. Matar da ke tafiya kasuwar Jugu da ƙafa ta zaga ta dawo da kwando a ka, ta koma ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta.

Na sami Rabi'a tana kwasar tuwo na ce, "Ke ba ki ganin halin da tsohuwar nan ke ciki? Ki yi wa mijinki magana."

Ta ce, "Inna Hajo, ni a su wa? Gwaggonsa ce, gidansu ne. In na yi magana ya ce na shiga tsakaninsa da abincinsa. Ai ya ce an kusa gamawa."

"Tun yaushe ake kusa gamawa?"

Ta ci gaba da mulmula tuwo. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, inda hayaƙi ba ya kai wa, kuma kusa da shi akwai wani ɗaki da aka cika da tsofaffin tayoyi da ƙarafan da aka ciro daga mota. Na ce a kwashe su a mai da Gwaggo can. Ta ce ta taɓa faɗa, Maigida ya ce ƙarafan nan in ruwa ya taɓa su tsatsa za su yi.

Sai na tari shi kansa a ƙofar gida. Na girme shi, na san ranar da aka yi masa aski, ba na jin tsoronsa.

Na ce, "Abdulbaƙi, ina da ɗaki babu kowa tun da 'yata ta tare. Ka bar Gwaggo ta dawo wurina har ku gama aikinku."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Inna Hajo, me kike so a ce da mu a garin nan? A ce jikan Ɗanbala ya kasa riƙe gwaggonsa, har tana kwana gidan maƙwabta? Wannan abin kunya ba da ni ba. A gidan ubanta take, a nan za ta zauna da mutuncinta."

"To ka juya motar mana, bakin salansa ya kalli titi. Ko ka bar ƙofa a buɗe."

"Ku mata ba ku san mota ba."

Gaskiyarsa. Ban san mota ba. Amma na san mutum in yana mutuwa.

Na koma wurin Gwaggo na ce ta taso mu tafi, ko ya so ko bai so ba. Ta riƙe hannuna ta ce kar in ja masa magana a gari, yaro ne, neman na kansa yake yi. Yaron da gemunsa ya fara furfura. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba, na kuma ji tausayinta har na kasa cin abinci.

Saura mutum ɗaya, Baba Awalu, babban dangi, wanda in ya yi magana ake ji. Na sa mayafi na je har gidansa. Ya saurare ni yana jan carbi. Baba Awalu kuwa tun da aka sayi motar nan bai sake zama a baya ba, kujerar gaba tasa ce duk ranar da zai je Paraku, ba ko sisi. Baki in ya ci, ido ya ji kunya.

Ya ce, "Hajo, ciwo daga Allah yake. Iyatu ta daɗe da fukarta, tun kafin a ƙera motar. Yaron nan shi ke ɗaga sunan gidan yanzu. Kina so a ce ɗan Paraku ya fi ɗan Jugu? Zan sa a yi mata rubutu."

Aka kawo rubutu ta sha. Aka kawo turaren hayaƙi ma, wai na korar iska, aka turara mata a ɗakin.

Da abin ya yi tsanani na je na roƙo ma'aikacin ɗakin shan magani na gari ya zo ya duba ta. Yana shigowa ya toshe hanci. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya fito ya ce wa Abdulbaƙi abu biyu: a fitar da ita daga ɗakin nan yau, a kuma kai ta babban asibiti a Paraku, don abin ya fi ƙarfinsa. Abdulbaƙi ya yi ta amsawa da Faransanci, "wi, wi, dakor", wato ya yarda, ya raka shi har titi. Da ya dawo ya ce mota tana kwance, an ciro maƙogwaron ana goge cikinsa ya yi santsi, iska ta riƙa wucewa ba tangarɗa. Na ce to a sa ta a wata motar.

Ya ce, "Gwaggona a motar wani? Ina da tawa? Ki bari a ɗaura, ni zan kai ta da hannuna."

Aka ɗauki kwanaki ana gogewa. Aka ɗaura, aka sake daidaita kafireto, ƙofa a rufe.

Ranar da ya ce a shirya, na yi mamakin yadda ya tashi da fara'a, yana ta gaggawa, yana cewa a yi maza kar rana ta yi. Na ce ko Allah ya taɓa zuciyarsa. Sai da muka isa tasha na ga motar Dalhatu tana lodi, direbobi sun taru suna kallon tamu, na gane. Ya ji labarin Dalhatu ya kwana a Jugu zai koma da safe. Abin nema ya samu.

Bai yarda ya tafi ba fasinja ba, wai kar a ce don motarsa ba nauyi ne. Ladan ya zauna gaba yana sauraren inji. Layin tsakiya aka ba wasu 'yan kasuwa maza. Mu uku, ni da Rabi'a da Gwaggo a tsakiyarmu, aka tura mu layin ƙarshe, inda gilashinsa ba ya buɗewa. Na ce a ba mara lafiya tsakiya kusa da taga. Ya ce manyan mutane ne, sun riga sun zauna, ba a tayar da su.

Dalhatu ya cika ya tashi. Abdulbaƙi ya bar shi ya yi nisa da gangan, yana tsaye yana ɓara goro, don kowa ya shaida. Sannan ya shiga ya tayar. Ƙarar da motar nan ta yi, awaki suka watse, wata mai ƙosai ta kusa kifar da kaskonta. 'Yan tasha suka ɗauki ihu.

Mun bar gari kaɗan na fara jin wari yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Salansar da aka yanke, ashe bakinta a ƙarƙashin kujerarmu ya tsaya. Ga gilasai duk a rufe. Ni mai lafiya kaina ya fara sarawa. Gwaggo ta buɗe baki tana jan iska, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka.

Motocin hayarmu kun san al'adarsu. Ana cire hannayen murɗa gilashi duka, a bar guda ɗaya wurin direba, manibel ake ce masa. Mai son iska sai ya roƙa a miƙo masa. Na taɓa mutumin da ke gabana na ce ya karɓo mana. Ya duba baya ya ga Gwaggo, ya ɗaga murya ya kira direba.

"Shofar! Manibel! Tsohuwar nan ba ta da lafiya."

Abdulbaƙi bai waiwayo ba. Ya ce, "A yi haƙuri, Alhaji. Gilashi in ya buɗe iska tana shiga ta riƙe mota. Bari mu kama shi tukuna."

Ladan ya ce, "Gaskiya ne, yana cin gudu sosai."

Alhajin ya juyo ya ce mini wai a yi haƙuri. Sai shi ma ya fara leƙen hanya yana neman motar Dalhatu.

Hanyar jar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta, ga ramuka. Motar tana tsalle, kanmu yana bugun rufi. Rabi'a ta riƙe Gwaggo tana kuka ba sauti. Ni ina yi mata fifita da bakin mayafi, ina kaɗa mata hayaƙin da ke ciki, don ba wata iskar. Can muka hango bayan motar Dalhatu. Mazan nan duk suka miƙe wuya. Muna shiga garin Onkulu, mutane a bakin hanya da buhunan doya, Abdulbaƙi ya danna oda ya riƙe, ya fita gefe ya taka. Na ga fuskar Dalhatu ta gilashi ta wuce baya. Mota ta kaure da sowa, Alhajin da ya roƙi manibel har da tafi.

Lokacin ne Gwaggo ta ja mayafina. Na kai kunnena bakinta. Ta yi magana a yanke, da ƙyar na haɗa.

"Hajo... ki ce wa Babana... ya yi a hankali... kar ya ji ciwo."

Na ɗaga murya iya ƙarfina na kira sunansa. Na ce ya wuce shi, to ya ba mu manibel, ya tsaya ko na ɗan lokaci ne. Ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya juyo ba.

"Yanzu in na buɗe ai ya kamo ni! Mun kusa!"

Ba mu kusa ba. Ko rabin hanya ba mu yi ba.

Na yi ta kira har muryata ta dushe, inji ya fi ni baki. Bayan mun haye gadar Beteru na ji ta yi nauyi a kafaɗata. Kafaɗun da ke ɗagawa suka daina. Na yi mata kalmar shahada a kunne, ban sani ba ko ta ji. Na dubi Rabi'a, ta dube ni. Na ja mayafin Gwaggo na rufe mata fuska, na riƙe ta kam don kar tsallen mota ya kayar da ita. Haka muka tafi da ita sauran hanyar.

Da muka shiga Turu ya rage gudu saboda mutane, na samu na ce, "Abdulbaƙi, Gwaggo fa." Ya ce ya sani, yanzu za a kai ta. Muka iso mararrabar da ake juyawa zuwa asibiti, ya wuce ta. Tasha ya nufa, wai ya sauke fasinja tukuna. Ya shiga da oda, ya fito ya tsaya jikin mota, 'yan tasha suka kewaye shi suna tambayar ina Dalhatu. Ya ce su sa masa ruwa a wuta, yana tafe. Ladan ya buɗe gaban mota ana leƙen kafireto biyu. Sai da Rabi'a ta fasa ƙara, irin wadda ba a yi sai an yi rashi, sannan ya zagayo ya buɗe ƙofar baya.

Ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya durƙusa a tasha yana salati, mutane suna riƙe shi.

A asibiti suka duba suka ce mu kai ta gida. To gidan ma ba a kai ta ba. Inji ya yi zafi, Ladan ya ce kar a sake taɓa shi sai ya kwana ya huce, in ba haka ba kulas zai lanƙwashe. Gawa kuwa ba ta jira. Dangin da ke Paraku suka yi mata sutura, aka binne ta can bayan la'asar, a garin da ba ta taɓa kwana uku a jere ba, nesa da iyayenta.

Zaman makoki a Jugu aka yi. Ranar sadakar uku maza suka cika zaure har waje, Baba Awalu a gaba yana karɓar gaisuwa. Na ɗauko faifan goro daga cikin gida zan miƙa, na tsaya bakin ƙofa ina jin su.

Baba Awalu yana cewa, "Ajali ne. Yaron nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wa ya taɓa kai mara lafiya Paraku da sauri irin haka? Ko ɗan cikinta iyakar abin da zai yi ke nan."

Aka ce, "Ƙwarai kuwa. Allah ya ba shi lada."

Abdulbaƙi yana zaune da carbi, kai a sunkuye. Ya ce, "Ta tafi cikin sauƙi. Ko uffan ba ta ce ba a hanya."

Na ajiye faifan. Mace ba ta magana a zauren makoki, na sani. Amma saƙon mamaci amana ne, kuma kwana uku ke nan yana ƙona mini ƙirji.

Na ce, "Ta ce uffan. Ta ba ni saƙo in ba ka, na yi ta kira ba ka ji ba."

Duk aka juyo ana kallona. Abdulbaƙi ya ɗago kai.

"Cewa ta yi, ki ce wa Babana ya yi a hankali, kar ya ji ciwo. Ita ce maganarta ta ƙarshe a duniya."

Wani tsoho ya ce Allahu akbar. Wasu suka sunkuyar da kai. Abdulbaƙi ya daɗe yana kallon tabarma, carbin ya tsaya a hannunsa. Na ce a raina, yau dai ta shiga. Can ya ɗago ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna Hajo, a daidai ina ta faɗi haka?"

Na ce, "A Onkulu. Kana wuce motar Dalhatu ke nan."

Sai ya gyara zama. Ya juya ya dubi direbobin da suka zo gaisuwa suna jere jikin bango, ya nuna ni da carbin.

"To kun ji da kunnenku. A Onkulu. Shi Dalhatu yana can yana gaya wa mutane wai sai a gadar Beteru na kamo shi, wai ma don ya tsaya sauke fasinja. Ga babbar mace nan, tana cikin motar, ba za ta yi ƙarya ba."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Onkulu? Kai! Ashe tun da wuri."

Na ɗauki faifan gorona na fita da shi. Ban ba kowa ba.